Zauren Majigi: Waya, Zumunci da Idon Kyamara

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata sun karkata ne ga batu guda, wato yadda ake shirya fim ɗin gaskiya, wanda ma'aikatan talabijin ke kira dokumentari, a kan abin da waya da intanet suka yi wa zaman iyali. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, an kuma ce kowa ya kawo gajeren fim kafin a ba shi sakamako. Ina so in yi nawa a kan kakata, wadda ɗanta na fari, wato kawuna, ya daɗe yana aiki a Jidda, ba sa ganin juna sai ta WhatsApp. Na gwada ɗaukarta tana waya, amma da na kalla sai na ga babu komai a ciki in ban da tsohuwa riƙe da waya. Ta yaya ake nuna zumuncin da ido ba ya ganinsa? — Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika ci karo da shi ya sha kan manyan masu wannan sana'a ma, domin intanet ba shi da fuska, kuma mutumin da ya sunkuyar da kai yana latsa waya yana cikin abubuwan da suka fi saurin gundurar mai kallo. Duk wanda ya yi fim mai kyau a kan wannan batu sai da ya nemo hanyar da zai zagaye matsalar.

Bajamushen nan Werner Herzog, a fim ɗinsa na 2016 mai suna Lo and Behold, ya fara ne da wani ɗan ɗaki a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ranar 29 ga Oktoba, 1969 aka aika saƙon farko ta hanyar sadarwar da daga baya ta zama intanet. An yi niyyar aika kalma mai haruffa biyar zuwa wata cibiyar bincike ta Stanford, amma haruffa biyu kaɗai suka isa kafin na'ura ta tsaya. Herzog bai cika wa mai kallo ido da zane-zane masu walƙiya ba. Ya tsayar da Farfesa Leonard Kleinrock a gaban tsohuwar na'urar, ya bar shi yana bubbuga ƙarfenta da hannu, yana buɗe ta yana shinshinar warin cikinta, har mai kallo ya ji cewa wannan abin da ya game duniya ya taɓa zama akwati guda a kusurwar ɗaki. Daga baya kuma ya tafi garin Green Bank a jihar West Virginia, inda aka taƙaita amfani da na'urori masu watsa sigina saboda wata katafariyar na'urar sauraron sararin samaniya da ke wurin, ya nuna yadda mutane ke zaune a inda waya ba ta kamawa. Wato ya kama abin ta hanyar jikinsa da ake iya taɓawa, ya kuma kama shi ta wurin da babu shi.

Wadda ta fi kusa da halin da kike ciki ita ce Ba'amurkiya Tiffany Shlain, wadda ta nuna fim ɗinta Connected a bikin fina-finai na Sundance na 2011. Ta fara aikin ne a matsayin fim na tunani zalla, a kan yadda fasaha ta ƙulla mutane da tattalin arziki da muhalli wuri guda, tana aiki tare da mahaifinta Leonard Shlain, likitan tiyata kuma marubuci. Ana cikin haka aka gano yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, ita kuma a daidai lokacin tana ɗauke da juna biyu mai haɗari, kuma ya rasu a 2009 kafin a kammala. Sai ta sake fasalin fim ɗin, ta shigar da jinyar mahaifinta da fargabar cikinta. A ganina ɓangaren bayanan fim ɗin ya yi gaggawa, ya kuma tara abubuwa fiye da kima, amma duk inda aka dawo kan uba da 'yarsa sai magana ta zauna, domin a nan ne akwai wanda zai yi rashi.

Saboda haka ki daina ɗaukar kiran kawai, ki ɗauki abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Ki kunna kyamara tun da la'asar, lokacin da ake aiken yaro ya karɓo wayar daga wurin mai caji, lokacin da kakarki ke sake kallabi tana gyara shimfiɗar gado saboda kada ɗanta ya ga ɗakin a hargitse, lokacin da take tambaya ko an sa data. Ki lura da wanda ke latsa mata, domin a gidaje da yawa zumuncin uwa da ɗa yanzu yana bi ne ta hannun jika ɗan shekara goma, wanda ke jin duk sirrin da a da ba a faɗinsa a gaban yara. Ki lura da yadda take kusanto da wayar har ɗan nata ba ya ganin komai sai goshinta, da yadda take jero gaisuwa tana jiran amsar da sabis ya riƙe, su yi ta cin karo da maganar juna. Tun da ɗan fari ne, mai yiwuwa ba ta ambatar sunansa, mai yiwuwa ma ta riƙa kau da kai daga fuskarsa, kuma wannan kunyar a gaban na'urar da aka ƙera don a kalli juna ido cikin ido ta ishe ki fim guda. Idan aka kashe wayar kuma, kada ki yi saurin kashe kyamara. Ki ba ta minti biyu ko uku, ki ga abin da hannunta zai yi da abin da za ta fara faɗa.

Ki kuma tambaye ta yadda ake yi kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Tsofaffi da yawa suna tuna zamanin da ake naɗar murya a kaset a ba mai tafiya Makka ya kai, da zamanin da ake aika gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka a rediyo. Idan Allah ya sa akwai irin wannan kaset a ƙasan adakarta, to ki nemo rikoda, ki kunna mata, ki ɗauki fuskarta tana sauraro.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu yana kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki, mu 'ya'yansa kuma mun warwatsu, wasu a Yamai, wasu a Kano, ɗaya a Aljeriya. Mun buɗe zaure a WhatsApp don tara kuɗin magani, kuma a cikinsa na ga alheri na ga ɓacin rai irin wanda ban taɓa zato ba. Ina so in yi fim a kai, amma yayanmu babba ya ce wannan tonon asiri ne. Shin yana da gaskiya? — Wani matashi daga Damagaram

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Yayanka yana da gaskiya fiye da yadda kake so ya kasance, kuma ina ba ka shawara ka ɗauke shi a matsayin mai ba fim ɗin shawara na farko, kada ka ɗauke shi abokin gaba. Kyamarar da ke hannunka ita ma na'ura ce da ta shigo tsakanin 'yan'uwa, kamar yadda wayar ta shigo, kuma ta fi wayar haɗari, domin abin da aka faɗa cikin fushi a zaure ana iya goge shi, amma abin da ya shiga fim ya fita duniya ba ya dawowa.

Ba ina cewa ba a yin irin wannan fim a ƙasarku ba. 'Yar garinku Aïcha Macky ta yi fim a 2016 a kan rashin haihuwa, wanda sunansa na Faransanci ke nufin itacen da ba ya 'ya'ya, kuma ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2016. Abin lura shi ne ta fara da kanta. Ita ce matar auren da ba ta haihu ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa, kuma sai da ta buɗe nata ciwon sannan ta nemi wasu mata su buɗe nasu. Kai ma ka tambayi kanka ko a shirye kake fim ɗin ya nuna watan da kai ne ka gaza turo naka kason, ko saƙon da kai ne ka yi kaushin harshe a ciki. Idan amsar ita ce a'a, to abin da kake shiryawa ƙara ce ka kai 'yan'uwanka gaban jama'a.

Na biyu, ba duk abin da ka mallaka ne za ka nuna ba. A cikin fim ɗin Herzog da na ambata a sama akwai wasu iyali a Amurka da 'yarsu ta rasu a haɗarin mota, hotunan gawarta suka fita daga hannun jami'ai suka bazu a intanet, har wasu marasa imani suka riƙa turo wa mahaifinta su. Herzog ya zaunar da iyalin suka ba da labari, amma bai nuna waɗannan hotuna ba, kuma rashin nuna su bai rage wa labarin zafi ko kaɗan ba. Haka nan kai ma ba ka buƙatar nuna Baba a halin da shi kansa ba zai so baƙo ya gan shi ba. Hannunsa a cikin hannun Inna, ko wayar da aka jingina da filo yana sauraron saƙon muryar ɗansa, sun isa. Kuma tun da ciwon yana iya taɓa magana da fahimta, kada ka ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ka nemi izininsa a ranar da yake cikin hayyacinsa sosai, a gaban Inna da yayanka, ka kuma sake nema bayan wani lokaci.

Ɗan'uwanku da ke Aljeriya yana da nasa haƙƙin na dabam. Wanda ke ɗaya gefen kiran bidiyo shi ma yana cikin fim, ko da yana ganin hira ce kawai yake yi da gida, kuma idan takardun zamansa ba su cika ba, fuskarsa da unguwar da ta bayyana a bayansa suna iya jawo masa abin da ba za ka iya gyarawa ba. Haka lambobin waya, da sunayen da ke saman saƙonni, da sanarwar shigar kuɗi da ke nuna abin da ya rage a asusu, duk sai an dusashe su wurin haɗa hoto.

Abin da zai kwantar wa yayanka da hankali shi ne ka yi masa alkawarin cewa 'yan gida ne za su fara kallo, kuma suna da bakin magana. Wannan al'ada ma a ƙasarku ta yi ƙarfi. Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya koma garin Ayoru a 1954 ya nuna wa masuntan Sorko fim ɗin da ya yi a kan farautar dorina. Suka ce masa kiɗan da ya sa bai dace ba, domin farauta shiru take so, kiɗa kuma ƙara wa dorina ƙarfin hali yake yi. Ya karɓi gyaran, kuma daga nan ya mai da komawa wurin mutanen da ya ɗauka wani ɓangare na aikinsa. Idan masunta sun gyara wa baƙo fim, 'yan'uwanka sun fi cancantar su gyara maka naka. Idan kuma bayan duk wannan yayanka ya dage, to ka ci gaba da ɗauka in Baba ya yarda, ka adana don jikoki, ka jinkirta maganar fitarwa.

TAMBAYA: Malam, ba ni da kuɗin sayen kyamara. Wayata za ta iya? — Wani mai karatu daga Kumasi

AMSA: Za ta iya. Fim ɗin Midnight Traveler na 2019, wanda Hassan Fazili ɗan Afganistan ya yi tare da matarsa da 'ya'yansu mata biyu lokacin da suke gudun hijira daga barazanar Taliban zuwa Turai, da wayoyi uku aka ɗauke shi gaba ɗaya, kuma ya shiga manyan bukukuwan fim na duniya. A cikin gida ma waya ta fi babbar kyamara, domin mutane sun saba da ita, ba sa gyara zama idan sun gan ta.

Inda waya ke ba da kunya shi ne sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ko ka ajiye waya ta biyu kusa da mai magana tana naɗar murya, sannan ka tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don ka samu inda za ka daidaita sauti da hoto. Ka kashe fanka, ka roƙi maƙwabci ya kashe janareto na ɗan lokaci, kada kuma ka yi hira a ƙarƙashin rufin kwano idan hadari ya haɗo. Bayan kowace hira ka naɗi minti guda na shirun ɗakin, domin da shi ake cike giɓi wurin haɗawa. Ka kwantar da wayar a gicciye, ka ɗora ta a kan abin da ba ya motsi, ka rufe layinta don kada kira ya yanke maka ɗauka. Wutar lantarkin Gana da Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka idan wayarka ta yarda ka saita ta a kan hotuna 25 a daƙiƙa, hoton ba zai riƙa ƙyafta ido a ƙarƙashin ƙwan fitila ba. Abin da ke kan fuskar wayar wani kuma ka naɗe shi daga cikin wayar kai tsaye, ya fi fita a sarari.

TAMBAYA: Malam, wani lokaci abu mai kyau yakan faru kyamara tana kashe. Idan na ce a maimaita, na yi ƙarya ke nan? — Wata ma'aikaciyar talabijin daga Sakkwato

AMSA: Malama, wannan gardama ta girme mu duka. Fim ɗin Robert Flaherty na 1922, Nanook of the North, wanda ake ƙirgawa cikin na farko-farko a wannan fanni, ya nuna wani mafarauci daga mutanen Inuit na arewacin Kanada yana mamakin garmaho har yana cizon faifai, alhali mutumin ya san garmaho sarai. An kuma sa shi farauta da mashi a lokacin da mutanensa ke amfani da bindiga, matar da aka nuna a matsayin matarsa ma ba matarsa ba ce. Ki duba ki gani, ƙaryar da ta fi muni a ciki a kan fasaha aka yi ta, don a nuna mutum a matsayin baƙauye a gaban na'ura. Wannan jarabar tana nan da ranta a wurinmu, duk lokacin da ɗan birni ya sa tsoho ya riƙe waya a juye don 'yan kallo su yi dariya.

Ni inda nake ja layi shi ne tsakanin aiki da ji. Idan kin ce wa mace ta sake shigowa ta ƙofa, ko ta sake jona caja kamar yadda take yi kullum, ba ki canza gaskiyar komai ba. Amma idan kin ce ta sake yin kukan da ta yi, ko ta sake nuna mamakin labarin da ta riga ta ji, kin mai da ita 'yar wasa ba da sanin mai kallo ba. Abin da ya wuce ki, ki sa wanda ya gani ya ba da labarinsa da bakinsa, wanda sau da yawa yakan fi ainihin abin daɗin ji. Fim ɗin The Social Dilemma na 2020 ya yi amfani da 'yan wasa suka fito a matsayin iyalin da waya ta raba kansu, amma ba a ɓoye cewa wasa ne ba, don haka ba a yaudari kowa ba. Duk da haka ni ina ganin waɗannan fitowar su ne mafi rauni a fim ɗin, domin iyalin da aka ƙirƙira don su tabbatar da wata magana ba sa taɓa faɗin abin da darakta bai yi zato ba.

TAMBAYA: Malam, danginmu suna da yawa kuma kowa na da waya. Ina tunanin in ce kowa ya ɗauki bidiyon ranar Sallah a inda yake ya turo mini in haɗa. Tunanin yana da kyau? Kuma a ina zan nuna? — Wani malamin makaranta daga Garwa

AMSA: Tunani ne mai kyau, kuma an gwada shi a babban mataki. A ranar 24 ga Yuli, 2010 aka nemi mutanen duniya su ɗauki bidiyon yininsu su ɗora a YouTube, aka samu kimanin bidiyo 80,000 daga ƙasashe 192, tsawonsu ya kai sa'o'i 4,500, darakta Kevin Macdonald da masu haɗa hotonsa suka fitar da fim na kimanin sa'a ɗaya da rabi mai suna Life in a Day. Waɗannan alƙaluma suna gaya maka inda wahalar take: tarawa ba wuya, zubarwa ce aiki, kuma a naka fim ɗin duk wanda ka cire ɗan'uwanka ne da zai tambaye ka dalili. Ka gaya musu tun farko cewa ba kowane bidiyo ne zai shiga ba.

Kada ka ce musu kawai su ɗauki Sallah, domin za su turo maka sabon ɗinki da murmushi iri ɗaya. Ka ba kowa tambayoyi biyu ko uku da zai amsa, misali wa ya fara kira bayan saukowa daga Idi, da wanda ya so ya kira amma ya fasa. Ka ce su turo bidiyon a matsayin fayil, domin idan aka turo shi ta hanyar da aka saba WhatsApp yana matse shi ya rage masa kyau, kuma ka ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam tun ranar da suka iso.

Maganar nunawa kuwa, ka fara da tsakar gidanku, da farin zane a jikin bango da majigin haya, ka kuma tura wa na nesa su kalla a wannan daren. Idan dangi sun amince ya fita, akwai bikin iREP na Legas wanda ya keɓanta ga fina-finan gaskiya, akwai bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu wanda aka fara tun 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, sannan bikin IDFA na Amsterdam yana da asusun tallafa wa masu shirya fim daga Afirka. Mai yiwuwa su nemi fassarar magana a rubuce a ƙasan hoto, da Turanci ko Faransanci, da kuma shaidar cewa mutanen da suka fito sun yarda, saboda haka ka karɓi izinin kowa, a rubuce ko a naɗe da muryarsa, a ranar da ya turo maka bidiyonsa, na yara kuma daga iyayensu.